Daga Gidan Ruwa Zuwa Betel: Labarin Zuriyar Bodelschwingh

Birnin Dortmund yana yammacin ƙasar Jamus, cikin yankin da ake kira Westfaliya. Samarinmu sun san sunansa saboda ƙwallon ƙafa, amma a zamanin kakanninsu kwal da ƙarfe ne suka sa ya yi suna. An rufe ramin kwal na ƙarshe a birnin a shekarar 1987. Idan mutum ya bar tsakiyar gari ya nufi arewa maso yamma, zai wuce gidajen da ma'aikatan rami suka zauna a dā, har ya kai wata unguwa mai suna Bodelschwingh. Sunan yana da wuyar faɗi a bakinmu, kusan Bodalshiwing ake cewa. A ƙarshen unguwar, bayan manyan itatuwa, akwai wani tsohon gida da yake tsaye a tsakiyar ruwa.

Gidan ba a gefen tafki yake ba, a cikinsa yake. An kafa turakun katako cikin laka, aka ɗora ginin dutse a kansu, ba a shiga sai ta kan gada. Dalili kuwa shi ne ƙasar wannan wuri shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutsen da basarake zai hau ya gina kagara. Sai suka haƙa gwalalo suka cika shi da ruwa, ruwan ya zama musu ganuwa. Ginin da ake gani yanzu, mai hasumiyoyi a kusurwa da rufi kamar hula, na ƙarni na 16 da na 17 ne, amma tushensa ya girmi haka nesa. Har wa yau gidan zama ne na iyali, ba gidan tarihi ba ne. Baƙo yakan tsaya a bakin ƙofa ya kalla, sai fa ranakun da aka buɗe lambun domin kasuwa.

Tsohuwar takarda da ta fara ambaton gidan ta shekarar 1302 ce. A cikinta an ambaci wani barde mai suna Giselbert, wanda ake yi wa laƙabi da Speke, yana ƙarƙashin sarkin yankin Mark. Ɗansa Ernst ne ya bar laƙabin Speke wajen shekarar 1320, ya soma kiran kansa da sunan gidan. Kalmar nan “von” da ake gani gaban sunayen sarakunan Jamus ba wani abin mamaki ba ce, ma'anarta “na” ko “daga”, kamar yadda mu ma mukan ce wane na wuri kaza. Watau Ernst von Bodelschwingh shi ne Ernst na Bodelschwingh. Alamar da suke zanawa a garkuwarsu ita ce jan layi a kan launin zinariya, da shuɗin maɗaurin ɗamara a samansa. Sun yi ƙarnuka suna riƙe da gonaki da talakawa, suna yanke shari'a a ƙauyukan da suke kewaye. A farkon ƙarni na 17 yankin Mark ya koma hannun sarakunan Brandenburg, waɗanda daga baya suka zama sarakunan Furusiya, shi ya sa 'ya'yan gidan suka shiga bauta wa fadar Barlin.

Abin da yakan faru da manyan gidaje ya faru da wannan ma. A ƙarshen ƙarni na 18 ba a sami ɗa namiji da zai gaji gidan ruwa ba, sai 'ya mace. Ta auri wani daga gidan Plettenberg, aka haɗa sunayen biyu. Bayan kamar shekara ɗari aka sāke yin haka, gidan ya bi wata 'ya mace zuwa zuriyar Innhausen da Knyphausen, su ne suke cikinsa har yanzu. Ba a taɓa sayar da shi ba cikin shekara 700, jini ɗaya ne yake gadonsa, suna ne kawai ya canja. Sunan kuwa wani reshe ne ya riƙe shi, wanda ya sami gidan gona na Velmede kusa da garin Kamen a ƙarni na 17. Daga wannan ƙaramin reshe ne mutanen da suka sa aka san sunan a duniya suka fito.

A Velmede aka haifi Ernst von Bodelschwingh a shekarar 1794. Yana saurayi ya shiga yaƙin korar Napoleon, a shekarar 1813 aka harbe shi a ƙirji, ya sha fama da wannan rauni har ƙarshen ransa. Bayan yaƙi ya shiga aikin gwamnati. Ya yi hakimci a Tecklenburg, ya zama gwamnan lardin Kogin Rayin a 1834, ministan kuɗi na Furusiya a 1842, sa'an nan ministan harkokin cikin gida. Da jama'ar Barlin suka tayar wa sarki da bore a watan Maris 1848, ya ajiye aiki ya koma Westfaliya. Ya rasu a 1854. Ƙanensa Carl shi ma ya riƙe ma'aikatar kuɗi har sau biyu. Gida ne dai na masu mulki, wanda kowa yake tsammani 'ya'yansa za su zama hafsoshi ko ministoci.

Ɗan Ernst na shida, Friedrich, an haife shi ran 6 ga Maris 1831 a wani gidan ruwa dabam a Tecklenburg. Sa'ad da iyalin suke Barlin, aka zaɓe shi cikin yaran da za su riƙa wasa da ɗan sarki, wanda daga baya ya zama Sarkin Sarakuna Friedrich na Uku. Sa'o'in juna ne, shekara ɗaya aka haife su. Ku riƙe wannan abuta a zuciya, gama za ta yi amfani nan gaba.

Friedrich bai bi hanyar mahaifinsa ba. Noma ya koya, ya tafi ya zama wakilin wata babbar gona a Gramenz, can gabas a Pomeraniya. A nan ne ya fara ganin yadda 'yan ƙodago suke zama, bashi ya ci su, barasa ta ƙarasa abin da ya rage. Ya gwada biya wa waɗansu bashinsu, ya ga bayan 'yan watanni sun koma inda suke. Wannan darasi bai bar shi ba, ya gane cewa kyauta kaɗai ba ta ɗaga mutum. A can kuma ya ji kira zuwa aikin bishara. Ya tafi Basel a 1854 ya karanta tauhidi, da niyyar zuwa ƙasashen nesa. Amma inda aka aike shi a 1858 ba nesa ba ne, birnin Faris ne. A lokacin akwai dubban Jamusawa matalauta a can, da yawansu masu sharar titi ne, 'ya'yansu ba makaranta ba majami'a. Ya sami wani ɗan tudu a unguwar La Villette, ya gina makaranta da ɗakin sujada da kuɗin da ya roƙo daga gida. Ginin yana nan har yau, Kiristocin Otodoks na Rasha ne suka saye shi a 1924.

A 1861 ya auri Ida, 'yar baffansa Carl. Auren zumunci ke nan, ba mu kaɗai muke yinsa ba. Bayan haihuwar fari Ida ta yi ciwon damuwa mai tsanani, zaman Faris ya gagare ta, sai suka komo gida a 1864, ya zama fasto a ƙauyen Dellwig.

Dellwig

Dellwig yana bakin Kogin Ruhr, gabas da Dortmund, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba. Ƙaramin wuri ne, da tsohuwar majami'ar dutse da gonaki kewaye. Abin da yake kawo baƙi nan yana cikin makabarta: kaburbura huɗu ƙanana a jere. A watan Janairu 1869 wata cuta mai tari da shaƙe numfashi ta shiga gidan fasto. Cikin mako biyu ta ɗauke 'ya'yansu duka huɗu, Ernst da Elisabeth da Friedrich da Karl. Babbansu bai cika shekara shida ba. Uban ne ya zauna a bakin gadonsu ɗaya bayan ɗaya, gidan da yake cike da hayaniyar yara a Kirsimati ya yi tsit kafin ƙarshen Janairu.

Iyayen da suka taɓa binne yaro ba sa bukatar a bayyana musu wannan. A ƙasashenmu har yanzu akwai gidajen da ƙyanda ko sanƙarau suka yi wa irin wannan ɓarna cikin kaka ɗaya. Abin lura shi ne, Jamus ta lokacin ba ta fi mu ba a wannan fanni, ɗan minista ma bai sami maganin da zai ceci ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba. Waɗanda suka rubuta tarihinsa, har da ɗansa Gustav, sun yarda cewa mutumin da ya fito daga wannan wata ba shi ne wanda ya shiga ba. Daga baya Allah ya ba su waɗansu 'ya'ya huɗu da suka girma, Wilhelm da Gustav da Frieda da autansu Friedrich, wanda ake kira Fritz.

Betel

Daga Dortmund zuwa Bielefeld tafiyar kamar sa'a guda ce a jirgin ƙasa. Bielefeld garin masaƙa ne tun dā, da saƙar lilin ya yi arziki. Yana gindin jerin tuddai masu kurmi, a bisa ɗaya daga cikinsu akwai tsohuwar kagara mai suna Sparrenburg. Ƙaramin jirgin cikin gari yakan tsaya a wata tasha da aka rubuta wa Bethel, watau Betel. Baƙo yakan sauka yana neman ƙofa ko shinge, ba zai samu ba. Tituna ne kawai suke hawa cikin kwari, da gidaje da kantuna da makarantu da asibitoci. Sai ya soma karanta sunayen gidajen zai ga kamar ya buɗe taswirar da take bayan Littafi Mai Tsarki: Nazarat, Zarefat, Mara, Gileyad, Ebenezer, Sihiyona. A kan titi zai gamu da masu keken guragu, da masu sanye da hular kāre kai saboda faɗuwa, suna tafiya aiki ko sayayya, ba mai juyowa ya kalle su.

Ba Bodelschwingh ne ya kafa wurin ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka. Waɗansu fastoci da attajiran Bielefeld ne suka sayi wani gidan gona a 1867 domin yara maza masu farfaɗiya. A zamanin nan mai farfaɗiya ba shi da wuri a Jamus. Makaranta ta kore shi, mai sana'a ya ƙi ɗaukarsa, iyali su ɓoye shi a ɗaki, ko a kai shi gidan mahaukata alhali hankalinsa lafiya lau. Magani guda ne ake da shi, wani gishiri mai suna buromid, wanda yake rage faɗuwa amma yana sa kasala. Sa'ad da aka kira Bodelschwingh ya shugabanci gidan a 1872, majinyata ashirin da 'yan kai ne kurum.

Abin da ya kawo sabo shi ne, ya ƙi ya mai da wurin asibiti. Ya ce gari za a gina. Maimakon babban gini guda, sai ƙananan gidaje, kowanne da uban gida da uwar gida, ana ci tare ana addu'a tare. Kowane majinyaci kuma a ba shi aiki gwargwadon ƙarfinsa. Aka buɗe gonaki, da gidan burodi, da wurin yin tubali, da kafinta, da ɗinkin takalma, da ɗab'in littattafai. Manomin Gramenz ne yake aiki a nan, ya san lissafin gona, ya kuma san abin da zaman banza yake yi wa zuciyar mutum. Mata masu hidimar jinya suna da gidansu, Zarefat, a 1877 kuma aka kafa na maza, Nazarat. Sunan Betel daga Farawa sura 28 aka ɗauko shi, wurin da Yakubu ya kwana ya yi mafarki, ma'anarsa gidan Allah. Da aka zo gina majami'ar Sihiyona, abokin wasansa na yarinta, wanda a lokacin shi ne yarima mai jiran gado, ya zo ya aza harsashi a 1883. Majinyata da kansu suka ɗauki duwatsun ginin. An yi ƙananan ɗakuna a gefen majami'ar domin wanda ya faɗi ana cikin sujada a kwantar da shi, sujada kuwa ta ci gaba.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin maganar ta shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, kuma kusan bakwai cikin goma za su daina faɗuwa idan sun sami magani daidai. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Duk da haka a garuruwanmu har yanzu yaro yakan faɗi kusa da wuta jama'a su watse, a majami'a ma akwai iyayen da suke jin kunyar kawo irin wannan yaro. Mutanen Betel sun zauna da su a teburi ɗaya tun ba a san abin da likitoci suka sani yau ba.

Ina kuɗin wannan aiki duka ya fito? Roƙo. Ɗan ministan kuɗi ya zama maroƙi, bai kuwa ji kunya ba. Ya kafa ƙungiyoyi a ƙauyuka inda kowa yake ba da ɗan kwabo a kai a kai, yana rubuta wasiƙun godiya har ga wanda ya ba da mafi ƙanƙanta. Yakan shiga ofishin minista ya kira shi ɗan'uwa, ba ya fita sai da alkawari. Daga 1888 aka soma tara kan sarki da aka riga aka yi amfani da su, majinyata suna ɓamɓarewa suna rarrabawa ana sayarwa. Ba da daɗewa ba aka buɗe gidan tara tsofaffin kaya, tufafi da takalma da tukwane, ana gyarawa ana sayarwa da araha. Sunan da aka ba gidan daga Yohanna sura 6 ya fito, inda aka tattara gutsattsarin gurasa bayan an ciyar da taro. Kasuwar gwanjo ce dai, tana kuwa ci har yau, haka ma aikin kan sarki. A 1908 Betel ta buga takardun kuɗinta da ake kashewa a kantunanta. Theodor Heuss, shugaban ƙasar Jamus ta Yamma na fari, ya taɓa kiransa maroƙi mafi dabara da ƙasar ta taɓa gani.

Bai tsaya ga masu farfaɗiya ba. Bayan karyewar kasuwa ta 1873 dubban maza marasa aiki suka bazu a hanyoyin Jamus, suna bara ƙofa ƙofa, 'yan sanda suna kama su. Shi yakan kira su 'yan'uwansa na kan hanya. A 1882 ya buɗe musu Wilhelmsdorf a wani fili mai rairayi kudu da Bielefeld, inda ba abin da yake tsirowa sai an fasa wani ƙaƙƙarfan ɓawo da yake ƙarƙashin ƙasa. Ka'idar wurin ita ce a ba mutum aiki maimakon sadaka. Aka buɗe irinsa a Freistatt a 1899, da Lobetal kusa da Barlin a 1905. Yana da shekara saba'in da 'yan kai ya shiga majalisar Furusiya domin ya matsa a yi doka saboda waɗannan mutane, aka kuwa yi ta a 1907. Tsohon burinsa na ƙasashen nesa ma bai mutu ba. Daga 1890 ya ɗauki nauyin wata ƙungiyar mishan mai aiki a Afirka ta Gabas, inda aka buɗe Lutindi a tuddan Usambara na Tanzaniya ta yau, da fari domin 'ya'yan bayi da aka 'yanta, daga baya ya zama asibitin masu taɓin hankali. Sai dai kada mu mai da shi mala'ika. Mutumin zamaninsa ne, mai goyon bayan sarauta da mulkin mallakar Jamus, abokin Adolf Stoecker kuma, faston fada wanda ya yi ta hura wutar ƙin Yahudawa. Ida ta rasu a 1894, shi kuwa ran 2 ga Afrilu 1910.

Zamanin Fritz

Autan gidan ne ya gaji aikin, yana da shekara 32. Gwajin da ya same shi ya fi na mahaifinsa nauyi. Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka shirya haɗa ikilisiyoyin Furotesta na Jamus ƙarƙashin bishop guda. Shugabannin ikilisiyoyi suka zaɓi Fritz a watan Mayu, amma gwamnati tana da nata mutum, Ludwig Müller. Kafin wata guda ya cika aka matsa wa Fritz har ya janye. A watan Agusta na wannan shekara Dietrich Bonhoeffer ya zo Betel domin a rubuta shaidar bangaskiya da za ta amsa wa koyarwar 'yan Nazi. Da takardar ta bi hannun masu gyara, sai aka rage ƙarfin abin da ta faɗa game da Yahudawa, Bonhoeffer ya ƙi sa mata hannu.

A wannan shekara kuma aka yi dokar hana masu ciwon gado haihuwa ta hanyar fiɗa, aka sa farfaɗiya cikin jerin. A nan Betel ta fāɗi. Fritz bai yi tsayayya da dokar ba, aka yi wa mazauna wurin fiye da 1,000 wannan aiki, a asibitin Betel ɗin kanta. Shugabannin wurin na yau ba sa ɓoye wannan, akwai alamar tunawa da aka kafa dominsu.

Sa'an nan abin da ya fi muni ya zo. Daga farkon 1940 gwamnati ta soma kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a asirce, da iska mai guba. Ana aika wa gidajen jinya takardun tambaya, wa yake iya aiki, wa ba ya iyawa, sa'an nan motoci su zo su kwashe waɗanda aka sa wa alama. Iyalai sai su sami wasiƙa cewa ɗansu ya mutu da ciwon huhu. Kafin Agusta 1941 an kashe kimanin 70,000. Da takardun suka iso Betel a tsakiyar 1940, Fritz ya ƙi cikawa. Abokin aikinsa Paul Braune, shugaban Lobetal, ya tattara shaidu ya rubuta wa gwamnati ƙara, 'yan sandan ciki suka tsare shi wajen wata uku. Fritz ya bi hanyar da gidansu ya sani tun kakanni, watau shiga wurin manya. Ya rubuta wa ministoci, ya je ofisoshinsu, ya zauna ya yi muhawara ta sa'o'i da Karl Brandt, likitan Hitila, wanda yake ɗaya daga cikin shugabannin kisan. A Fabrairu 1941 ayarin likitocin gwamnati suka zo Betel suka duba majinyata da kansu. Motocin dai ba su zo sun kwashe mutanen Betel kamar yadda aka yi a wurare da yawa ba. A watan Agusta Bishop von Galen na Katolika, shi ma ɗan tsohon gidan sarautar Westfaliya, ya tona asirin a kan bagadi a Münster, kafin wata ya ƙare Hitila ya dakatar da wannan shiri, ko da yake an ci gaba da kisa ta yunwa da allura a wurare dabam dabam har ƙarshen yaƙi.

Masana tarihi har yanzu suna gardama a kan Fritz. Waɗansu sun ce da ya yi magana a fili da an rufe Betel an kwashe kowa, shirunsa ne ya ceci dubbai. Waɗansu sun ce likitocin Betel da kansu sun rarraba majinyata kashi kashi kafin ayarin ya iso, da motocin sun zo da wannan jeri za a bi. Akwai kuma majinyata Yahudawa 'yan kaɗan da aka ɗauka daga Betel a Satumba 1940 aka kashe. A ganina dukan maganganun nan gaskiya ne, ba wadda ta soke 'yar'uwarta. Ya tsaya inda shugabannin gidajen jinya da yawa suka miƙa wuya, amma ya tsaya a makare, kuma a cikin ɗaki. Brandt an rataye shi a 1948. Fritz bai ga wannan ba, ya rasu ran 4 ga Janairu 1946, bai bar ɗa ba.

Bayan yaƙi wani ɗan gidan ya sāke riƙe Betel, Friedrich na uku, ɗan Wilhelm, daga 1959 har kusan shekara goma. Daga kansa shugabanci ya fita daga zuriyar. Dama tun 1919 doka ta soke gatan sarauta a Jamus, “von” ya zama sashen suna kawai. A Freistatt kuwa, cikin shekarun 1950 zuwa 1970, an wahalar da samarin da hukuma ta kai can domin tarbiyya, da dūka da aikin haƙar laka mai tsanani. Sai bayan shekara ta 2000 Betel ta sa aka bincika, ta amsa laifi.

Lobetal ya faɗa cikin Jamus ta Gabas, ƙarƙashin gwamnatin gurguzu wadda ta takura wa ikilisiya shekara 40. Da gwamnatin ta rushe, shugabanta Erich Honecker ya rasa gida, yana ciwo, ba wanda yake so ya karɓe shi. Faston Lobetal, Uwe Holmer, wanda aka hana yawancin 'ya'yansa goma shiga babbar makaranta saboda bangaskiyarsu, ya ba shi da matarsa ɗaki a gidansa daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Afrilu 1990. Jama'a suka taru a ƙofa suna zagi, wasiƙun fushi suka yi ta zuwa. Holmer ya amsa cewa domin marasa gida aka kafa Lobetal.

A 2017 Betel ta cika shekara 150. Ma'aikatanta sun wuce 20,000, a jihohi da dama na Jamus, asibitinta na Mara kuma yana cikin manyan wuraren jinyar farfaɗiya na Turai, har fiɗar ƙwaƙwalwa ake yi a can. Yawancin waɗanda take kula da su yanzu ba a cikin kwarin suke ba, suna zaune cikin unguwanni tare da sauran jama'a, gama ra'ayin zamani ya bar maganar keɓe naƙasassu a gari nasu. Sunan iyalin yana nan a kan hukumar, da kuma a kan tituna da makarantu masu yawa a faɗin ƙasar.

Daga majami'ar Sihiyona akwai 'yar hanya da take hawa cikin itatuwa zuwa tsohuwar makabarta. A can aka binne uban da ɗansa Fritz, cikin makabarta ɗaya da masu hidimar jinya da majinyata. Kaburburan yaran nan huɗu suna Dellwig, kusan kilomita 100 daga nan.